Aikin jarida a zamanin WhatsApp: daga ina abincin ɗan jarida zai fito a Maradi?

Tambaya: Baba, ina shekarar ƙarshe a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, kuma na yi wata uku ina koyon aiki a wani gidan rediyo nan Maradi. Abin da na gani ya kashe mini jiki. Kafin mu karanta labaran rana, kowa ya riga ya ji su a WhatsApp, ma'aikata kuma sai wata ya mutu, wani ya kama, ba albashi. Ƙawayena suna cewa in buɗe shafina a Facebook da TikTok in huta. Aikin jarida ya mutu ne? In bai mutu ba, daga ina kuɗinsa zai fito?

Amsa: Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka. Abin da idonki ya gani a wata ukun nan gaskiya ne, ba zan yi miki romon baka ba. Na yi shekara sama da 25 a ɗakin labarai, na ga lokacin da sana'ar nan take riƙe gida, na kuma ga lokacin da ta fara gazawa. Bari in fara da abin da ya ɓace mana, don sai an san abin da ya ɓace ake cigiyarsa.

Mu nan jaridar takarda ba ta taɓa zama abincin gari ba. Le Sahel da Faransanci ake buga ta a Yamai, ta biyo mota kilomita sama da 600, ta ƙare a teburin ma'aikatan gwamnati. Jaridar mutanen Maradi rediyo ce. Iyayenmu da Muryar Sahel suka tashi, da Rediyon Kaduna, da Sashen Hausa na BBC wanda ya fara magana tun 1957. Bayan Taron Ƙasa na 1991 ƙofa ta buɗe, tashoshi masu zaman kansu suka fito, irin su Anfani da Saraounia da Garkuwa, mai shayi da mai faci da matar da ke daka a tsakar gida kowa ya sami tashar da ke magana da bakin garinsu.

A wancan zamani abu biyu ne a hannunmu. Na farko, mu ke fara faɗi. In abu ya faru a Dakoro ko Tasawa, sai direba ya iso tasha, ko wakilinmu ya sami wayar da zai kira, kuma gari ba ya ji sai mun buɗe baki. Na biyu, wanda shi ne tuwon, duk mai son muryarsa ta kai kunnen jama'a sai ya biyo ta ƙofarmu. Ke ba ki tarar da layin sanarwa ba. Da hantsi za ki ga mutane a bakin taga, kowa da ƴar takardarsa: wannan rasuwa, wancan ɗaurin aure, wani zanen suna, wani cigiyar yaro ko saniya ko katin ɗan ƙasa. Kowa ya ajiye jika guda ko biyu. Ba wanda ya ɗauki kuɗin nan da girma, amma da su ake sayen man janareta, da su ake biyan mai gadi, da su ake aika ɗan jarida ƙauye ya kwana biyu ya dawo da labari. Mai sanarwar suna bai san shi ke biyan kuɗin labaran dare ba, mu ma ba mu cika lura ba sai da layin ya fara gajarta.

Yau in an yi rasuwa a Bagalam ko Ali Ɗan Sofo, kafin a gama wankan gawa saƙo ya zaga gurup ɗin dangi da na masallaci da na ƴan kasuwa, ya kai Kano da Abidjan da Makka, ba a biya ko dala ba sai ɗan forfen da aka ci. Ba na ganin laifin kowa a nan. Talaka ya sami hanya mai sauƙi ya bi. Amma ki gane cewa wayar ba masu sauraro ta fi ƙwace mana ba, don har gobe manomi yana gona da rediyonsa rataye a reshe. Layin bakin tagar nan ta ƙwace.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Jaridun Amurka da ƙananan tallace-tallace suka yi ƙiba, gidan haya da neman ma'aikaci da tsohuwar mota, wato sanarwar tasu ke nan. Wani shafi mai suna Craigslist da ya faro a 1995 ya mai da wannan kusan kyauta, sannan Google da Facebook suka kwashe manyan tallace-tallacen. Kuɗin tallan jaridun ƙasar ya kai wajen dalar Amurka biliyan 49 a 2006, zuwa 2022 ya faɗo ƙasa da biliyan 10. A Ingila jaridar Independent ta daina fitowa a takarda tun 2016. In masu wannan ƙarfi sun jigata, ba abin kunya ba ne tashar da ke Maradi ta jigata.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ya cike gurbin kuɗin. Da sanarwa ta ja baya, tashoshi da yawa suka koma sayar da lokaci ga duk wanda ya zo da kuɗi. Mai maganin gargajiya ya sayi awa guda yana cewa ƙullinsa ɗaya na warkar da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa, ba mai tambayarsa. Ɗan siyasa ya sayi tasa. Ƙungiya ta kira taron bita a otal, a ƙarshe a miƙa wa kowane ɗan jarida ambulan na kuɗin mota, da dare duk tashoshi su karanta labari iri ɗaya kamar an haɗa baki. Ba na zagin yaran da ke karɓa, na san mai iyali da ya yi wata biyu ba albashi. Amma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ranar da wannan ƙungiya ta gina rijiyar da ba ta ba da ruwa, wanda ya saba karɓar ambulan ɗinta bakinsa zai yi nauyi. Jama'a kuma suna ji, suna ganewa. Wani ɓangare na amanar da muke cewa WhatsApp ya ƙwace mana, mu muka sayar da ita da hannunmu.

Yanzu mu zo kan bokal, wato saƙon murya, don a ganina shi ne babban abin da ya sauya labari a ƙasar Hausa, fiye da Facebook ma. Facebook yana son wanda ya iya karatu. Bokal ba ya tambayar ko ka shiga lakwal. Tsohuwa a Mayahi za ta danna ta yi magana, jikanta a Aljeriya ya ji ta da muryarta. Mu mutanen baka ne tun asali, shi ya sa rediyo ya karɓe mu, shi ya sa bokal ya karɓe mu. Bambancinsu ɗaya ne, amma babba: muryar rediyo tana da suna da ofis, in ta yi ƙarya an san ƙofar da za a buga. Bokal ba shi da uba. Yana farawa da sallama, da "jama'a a taimaka a tura wa kowa", ya ƙare ba ka san wa ya yi magana ba, daga wane gari, a wace shekara.

Wani yammaci, bayan la'asar, irin wannan saƙo ya cika gari. Murya tana haki, tana cewa ƴan bindiga sun shiga wani ƙauye ta wajen Madarumfa sun ƙone shi ƙurmus, ga bidiyon gidaje na cin wuta an haɗo da shi. Kin san yadda zukata suke a yankin nan tun 2019, lokacin da ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka fara tsallakowa, don haka ba wanda ya ga abin da nisa. Yaran ɗakin labarai suka ce mu faɗa, kowa ya riga mu. Na ce a dakata. Na kira mai garin, ba rezo. Na kira wani direba da ke bin hanyar, ya ce da azahar ya wuto bai ga hayaƙi ba. Na sami ma'aikacin ƙaramin asibitin da ke kusa, ya ce ba a kawo masa ko mutum ɗaya ba. Muka sake kallon bidiyon a natse, sai ga rufin ɗakunan ba irin namu ba ne, itatuwan ma ba na ƙasarmu ba. Da magariba mai garin ya samu ya hau tudu ya kira: an kore shanu a wata ruga kusa da su kwana biyu da suka wuce, ba a ƙona gida ba, ba a kashe kowa ba. Awa biyu abin ya ci mana. A cikin awa biyun nan wasu iyalai a ƙauyukan kewaye sun riga sun kwashi yara sun shiga gonaki, wasu a can suka kwana.

Ga abin da nake son ki riƙe daga labarin. A cikin awa biyun wayata ba ta huta ba, kuma duk wanda ya kira, ɗan kasuwa ne ko malami ko ƴar'uwa daga Zindar, tambayarsa ɗaya ce: "Malam, wai da gaske ne?" Sun riga sun ji labarin. Ba labari suke nema a wurina ba, wanda zai tsaya a bayansa suke nema. A da aikinmu shi ne mu ce ga abin da ya faru. Yau rabin aikin ya koma mu ce wannan da kuka ji, ga gaskiyarsa ga ƙaryarsa, kuma ga wanda na tambaya. Buƙatar wannan aiki ta ninka ta da. Kamfanin WhatsApp kansa ya san da matsalar, shi ya sa a 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, a 2020 kuma ya mai da saƙon da ya sha yawo zuwa wuri ɗaya. Bai hana komai ba a nan, magana zarar bunu ce. Yanzu kuma ga na'urorin ƙirƙirarriyar basira da ke iya kwaikwayon muryar mutum, har a sa wa sarki ko malami maganar da bai taɓa faɗi ba. Kunne kaɗai ba zai ƙara isa shaida ba, sai an kira mai muryar an tambaye shi.

Kada ki ɗauka ina kukan zamani ne. Wayar nan ta ba mu abin da ban taɓa mafarkinsa ba lokacin da nake yawo da rakoda mai kaset. A ambaliyar damanar 2024, mutanen unguwanni ne suka riƙa turo hotunan gidajen da suka rufta kafin wani ɗan jarida ya iya ratsa ruwan. Manomi a Gidan Rumji yana turo muryarsa kan tsutsar da ta faɗa wa gero, a sa ta a iska a ranar. Ɗan Maradi da ke Legas ko Tripoli yana kallon shirin tasharsu kai tsaye. Kayan aikin da a da sai tasha ke iya saye, yau suna cikin jakarki.

To, shawarar ƙawayenki. Ki buɗe shafin, ban hana ki ba, ni ma zan bi ki. Amma ki san a gonar wa kike shuka. A Janairun 2018 Facebook ya sauya tsarinsa ya fifita saƙonnin dangi da abokai a kan na kafafen labarai, gidajen jaridu da yawa da suka jingina da shi suka wayi gari masu karatunsu sun ragu, ba wanda ya shawarce su. A Agustan 2023 kamfanin Meta ya toshe labarai gaba ɗaya a Facebook da Instagram a ƙasar Kanada saboda wata dokar da ta ce ya biya jaridu. Mu nan gida, bayan zaɓen Fabrairun 2021, intanet ɗin waya ya ɗauke kusan kwana goma, duk mai shafi ya zauna hannu rabbana, rediyo kuwa bai daina magana ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Sannan kuɗin da ake cewa ana samu, a duba shi da kyau. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da mutum a bisa tsarinsa na asali sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a shekara, kuma abin da ake biya ya danganta da yadda masu talla ke darajanta masu kallon. Kallon mutumin Jamus da na mutumin Tsibiri ba farashinsu ɗaya ba a wurin kamfani. Abin da ke tara dubban kallo da sauri kuma kin san shi: faɗan malamai, tonon asirin ma'aurata, hoton gawa. Na ga yara masu basira da suka fara da labari na gaskiya, injin da ke zaɓar abin da shafukan nan ke nuna wa mutane ya koya musu cewa zagi ya fi kawo jama'a, a hankali suka koma abin da su kansu ba sa so.

Tsohuwar mafitar ma ta ƙuntata. A da burin kowane matashin ɗan jarida shi ne ya zama wakilin wata babbar tashar waje, don can albashi yake. An dakatar da RFI da France 24 a Nijar a Agustan 2023, aka dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024, Muryar Amurka kuma gwamnatin ƙasarta ce da kanta ta tsayar da aikinta a Maris na 2025. Ko mene ne ra'ayin mutum kan waɗannan matakai, darasin sana'a ɗaya ne: abincin da ke zuwa daga nesa yana iya yankewa dare ɗaya.

Akwai kuma doka, wadda masu cewa ki buɗe shafi ba sa ambata. A 2010 Nijar ta cire hukuncin ɗauri kan laifuffukan aikin jarida. A 2019 aka yi dokar laifuffukan intanet, a 2022 aka sassauta ta, a Yunin 2024 aka mai do da ɗauri kan ɓata suna da zagi da yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a ta hanyar na'ura. Ki nemi dokar ki karanta ta da kanki kafin ki wallafa komai. A tasha akwai edita a samanki da zai ce wannan jimla a cire ta, wannan a ƙara tambaya. A shafinki ke ce mai rubutu, ke ce edita, ke ce kuma za a kira.

Saura tambayar kuɗi, kuma a nan zan faɗi iyakar abin da na yarda da shi. Jaridar New York Times ta Amurka ta sa wa shafinta kuɗin shiga a 2011, zuwa 2023 masu biya sun haura miliyan 10. Ba za a kwafo wannan a dasa a Maradi ba, wanda ke lissafin forfen kwana ɗaya ba zai biya kuɗin wata don karanta siyasa ba. Amma ƙashin bayan abin yana aiki ko'ina: mutum yana biyan labarin da zai hana shi asara. Maradi garin fatauci ne. Alhajin da ke da mota cike da wake ko aya ko riɗi yana son ya san farashin tiya a Tasawa da Dakoro yau, ba jiya ba. Yana son ya san yadda naira ta kwana da sefa, ko iyakar Ɗan Isa a buɗe take, ko ana bin hanyar Jibiya lafiya. Wanda ya ga rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ya ga ta 2023, ya san labarin iyaka kuɗi ne tsagwaronsa. Yanzu a fada da bakin kasuwa ake tsintar wannan bayani, rabinsa ji-ta-ji-ta. Ɗan jaridar da zai tattara shi kowace safiya, ingantacce, a bokal na minti uku da Hausar kasuwa, yana da abin sayarwa, kuma ga Nita da Amana da Airtel Money da za a turo masa kuɗin. Haka ƴan Maradi mazauna waje, suna da abin hannu kuma suna da ƙishin gida, za su ɗauki nauyin shirin da ke kawo musu unguwarsu. Haka ƙananan ƴan kasuwa, mai shagon atamfa da mai gyaran sola, waɗanda ba su iya haɗa tallan da zai yi kyau a rediyo da waya lokaci guda. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da zai biya albashin tasha shi kaɗai. Sai an haɗa su kamar yadda jika-jikar bakin taga take haɗuwa a da, kuma alherinsu shi ne ba mutum ɗaya da zai iya kiranki ya ce ki sauke labari don shi ke ciyar da ke. Sharaɗi ɗaya: talla ta fito a matsayin talla, a faɗa wa mai sauraro an biya. Ranar da kika cakuɗa ta da labari, kin zubar da abin da ake kiranki dominsa.

Don haka ga abin da zan ce ki yi. Ki ƙare karatunki. Ki koma tashar nan ko wata, ki yi shekara ɗaya ko biyu a ƙarƙashin editan da zai dawo miki da rubutunki sau uku, ko da abin da za a ba ki bai taka kara ya karya ba, ki riƙe wata ƴar sana'a a gefe don kada yunwa ta kai ki ga ambulan. Ki buɗe shafinki a lokaci guda, da sunanki na gaskiya, ki zaɓi fanni ɗaya ki san shi ciki da bai. Ki koyi yanka murya da hoto a wayarki. In kin yi kuskure ki gyara a inda kika yi shi, da babbar murya. Kuma ke mace ce, kina da ƙofar da ni ban taɓa samu ba: za ki yi sallama ki shiga cikin gida, ki zauna da matan da ke yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da masu adashi, da masu jinyar yara, waɗanda rabin tattalin garin nan ke hannunsu amma muryarsu ba ta cika kai wa iska ba. Za ki gamu da masu baƙar magana a ƙarƙashin abin da kika wallafa, wasu don ke mace ce kawai. Ki toshe su, kada ki tsaya musu da su, ki sanar da editanki da iyayenki in abin ya wuce magana.

Dukiyar da ta fi mabiya ita ce lambobin waya. Ki sayi littafi na takarda, ba na cikin waya kaɗai ba, don waya tana faɗawa ruwa. Kowane gari ki sami mutum uku da ba su san juna sosai ba: mai gari ko wakilinsa, ma'aikacin lafiya ko malamin lakwal, da direba ko dillali. Ki riƙa gaishe su ranar da ba ki neman komai. Ranar Juma'a mai zuwa ki shiga kasuwa da sassafe, ki tambayi farashin tiyar gero da ta wake a wurin mutum biyar, ki tambayi ƴan canji biyu yadda naira ta tashi, ki karɓi lambar kowannensu. Ki haɗa bokal da bai wuce minti uku ba, ki faɗi ranar da wurin da sunanki a farkonsa, ki turo mini kafin azahar in saurara in gaya miki inda za ki gyara.